Lambobin Faifan Baba

Talata, 4:10 na yamma

Ta ƙi tashi. Ƙara uku take yi, tit, tit, tit, sai ta yi tsit, allon baƙi ƙirin. Sau goma sha ɗaya na kashe na kunna. Har marin gefenta na yi kamar yadda Baba yake yi, ban samu komai ba sai zafin hannu.

Kwamfutar nan ta kusa sa'ata. Da ita Baba ya yi shekara ashirin yana buga wa mutane takardu a rumfarsa ta bakin kotu, da ya bar aiki ya dawo da ita ɗakinsa. Farar ce a da, yanzu ta koma kalar haƙorin tsoho.

Yau kwanansa tara a asibiti. Ana saura kwana uku ya faɗi ya kira ni ya ce, "Auta, in kin zo ranar Asabar ki taya ni fitar da wata takarda. Ta yayanki ce. Na gama ta." Ban zo ranar Asabar ɗin ba.

Na kira Yaya na gaya masa. Shekara goma sha ɗaya rabonsa da gidan nan. Ya yi dariyar da ba ta da daɗin ji ya ce, "Shi zai rubuta min wasiƙa? Auta, ba ki iya ƙarya ba tun kina ƙarama. In da gaske ne turo min in gani da idona. In na gani zan zo."

Wasiƙar tana cikin wannan akwatin, akwatin kuma sai tit, tit, tit.

Laraba, 7:15 na safe

Mama ta ce akwai littafinta, mai shuɗin bango, wanda ya zo da ita. Wai Baba yana ajiye shi a kwalin da ke bayan ƙofa. Ta leƙa bayan ƙofar, ta dube ni. Na ce zan duba.

Ba sai na duba ba.

Laraba, 5:30 na yamma

Na kwance ta da wuƙar kicin, don sukudireban gidan nan ya bi sahun duk abin da ake nema. Ciki ƙura ce da wayoyi kamar hanji. A ƙasan akwatin na tsinci wata 'yar hular roba baƙa, ba ta fi ƙwayar shinkafa ba. A jikin babban allon ciki akwai irinta da yawa, kowace an ɗora ta a kan ƙananan allurai biyu. Wannan daga wani wuri ta faɗo. Wataƙila ranar da na ja teburin ina shara.

Na ƙirga wuraren da za ta iya zama. Goma sha huɗu. Rubutun gefensu J1, J2, J3, babu wanda ya ce ga aikinsa. Duk bayanin yana cikin littafin.

Ni da nake koyar da lissafi a aji shida, 'yar roba ta sa ni zama a ƙasa ina zufa.

Alhamis, 1:00 na rana

Na ɗauke ta a mota na kai wa mai gyaran da ke layin masu waya, wanda kowa ke kira Injiniya. Da ya ga abin da na sauke sai ya cire gilashinsa ya miƙe tsaye.

"Malama, wannan gaisuwa za mu fara yi mata. Ina kwana, Hajiya Babba?"

Yaran shagunan gefe suka taru suna dariya. Ni ban yi ba.

Ya ce shi da aka yi wannan ko rarrafe bai fara ba. Ya duba a wayarsa, ya buga lambar da ke jikin allon cikin, babu ita a ko'ina. Wai kamfanonin lokacin kamar masu soya gyaɗa suke, yau ga su gobe babu. Ya ce hular nan ita ke gaya wa injin gudun da zai yi, ko wutar da zai sha, ko wani abu daban, kuma in na sa ta inda ba nan ba ina iya ƙona komai.

"Ina littafinta?"

Na ce ya ɓata.

"Kash. Ai masu irin wannan ba sa wasa da littafin."

Na ɗauko kayana na dawo. A hanya na yi wa mai keke tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Juma'a, 6:50 na safe

Tit, tit, tit.

Asabar, 11:20 na safe

Ta tashi!

Hasken taga ne ya taimake ni. Na juya akwatin wajen rana ina ƙara dubawa, sai na ga duk alluran sun yi duhu saboda tsufa, ban da guda biyu a J9 da suke ƙyalli kamar jiya aka yi su. Abin da ya sha shekaru a rufe ne kawai zai yi haka. Na ɗauko hular da abin cire gashin gira, ta faɗi sau biyu, na yi rarrafe ƙarƙashin gado sau biyu. Na uku ta zauna.

Ƙara ɗaya ta yi, fanka ta juya, lambobi suka fara gudu a allo. Na ƙwala wa Mama kira har ta zubar da ruwan da ke hannunta.

Murnar ba ta kai minti ɗaya ba. Wani shuɗin allo ya fito ya tsaya. Kwanan wata ya ce ɗaya ga Janairu na wata shekarar da ko aure Mama ba ta yi ba. A ƙasa kuma layi uku babu komai a cikinsu, tana jira in gaya mata girman faifan ajiyar bayanai da ke cikinta. Silinda nawa, kai nawa, sashe nawa.

Abu yana cikin cikinki, ni za ki tambaya?

Lahadi, 3:45 na yamma

Asibiti. Sun mayar da shi gadon kusa da taga. Mama tana ba shi shayi da cokali, rabi yana komawa kan tawul. Idonsa ras, yana bin kowa. Bakin ne dai. In ya buɗe sai iska da wani sauti ɗaya, sai ya rufe ya juya fuska bango. Mutumin da in ya fara gyara maka jimla sai ka yi da-na-sanin gaishe shi.

Na ce, "Baba, na kusa fitar da takardar." Ya dube ni. Hannun hagunsa yana kan ƙarfen gadon yana ƙwanƙwasawa da ɗan yatsa. Nas ta ce haka yake yi kullum da safe, har na gadon gefe ya yi ƙorafi.

Na dama yana kwance a kan bargo inda aka ajiye shi.

Litinin, 2:30 na rana

Injiniya ya ce lambobin suna rubuce a jikin faifan. Sai da muka kwance ƙusoshi huɗu, don takardar da aka manna masa tana ƙasa, ta kalli ƙarfe. Ga su raɗau: 980, 10, 17. Na ji kamar in yi masa guɗa a tsakiyar kasuwa.

Muka buga. Ta yi tunani, ta yi gurnani, ta rubuto cewa babu komai a faifan da za ta tashi da shi.

Babu komai.

Sai da na nemi kujera. Injiniya ya ce in kwantar da hankalina, ba lallai an goge ba. Ya ce faifan zamanin nan duk lambar da ka ba shi ranar farko, in dai ba ta wuce girmansa ba, karɓa yake ya jera kayansa a kanta. Daga ranar kuma ba ya jin wata. Wanda ya fara haɗa wannan bai bi ta takardar ba, nasa ya sa.

"Kamar gidan da aka sauya wa lambobin ɗakuna ne, Malama. Kayan suna ciki, amma kina buga ƙofar da ba ita ba."

Ya gwada jona faifan da sabuwar kwamfutarsa ta wata waya. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ya ce ya tsufa da yawa, ba sa jin yaren juna.

Na tambaye shi inda mutum zai rubuta irin lambobin nan. Ya ɗaga kafaɗa. "Yawanci bayan bangon littafin."

Littafin. Littafin. Kowa littafin.

Talata, 8:05 na safe

Ina neman biro a durowar Baba na ci karo da batirin. Ɗan ƙarami mai kamar kwabo, yana cikin ledarsa ko ɓarewa ba a yi ba. Ni na sayo masa shekara uku da suka wuce, ranar da na gaji da ganin yana buga abu ɗaya kowace safiya kafin ta yarda ta tashi. Wani ya gaya min batirin ciki ne ya mutu shi ya sa take mantuwa. Na kawo masa, ya juya shi a hannu ya ce, "An gode, Malama Auta," ya jefa a durowa.

Da ya sa shi, da yanzu tana riƙe da lambobinta. Da na fitar da takardar tun ranar da ta tashi. Da Yaya yana nan.

Taurin kai! Mutum ya zauna shekara da shekaru yana buga lamba da hannu kamar mai biyan tara, alhali maganin yana cikin durowa. Haushinsa nake ji, kuma ina jin kunyar jin haushin mutumin da ake ba shayi da cokali. Duk gidan nan haka muke, kowa da dutsen da ya haɗiya.

Laraba, 12:40 na rana

Bari in rubuta, tunda takarda ba ta da baki.

Kwana biyu da kwantar da shi na kasa zama. Na shiga ɗakinsa na share, na goge, na ja tebur, na wanke labule. Kwalin bayan ƙofa na ɗaga na ga tsofaffin jaridu da takardun mutanen da suka mutu tuntuni. Masu sayen tarkace suna wucewa da kurarsu, na kira su na ce su ɗauka kyauta. Har na ga shuɗin bangon a sama. Na gan shi da idona. Na ce a raina, wa zai karanta wannan?

Yau na je filin da suke tarawa, bayan tashar mota. Takardu tsibi-tsibi sun fi ni tsawo. Wani dattijo mai awo ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "'Yata, na makon jiya ma sun tafi injin niƙa, balle na mako biyu." Duk da haka na yi awa guda ina tonawa. Na dawo da baƙin hannu da tari.

Mama ba ta tambaye ni inda na je ba. Ruwan wanka kawai ta ɗora min, abin da ya fi zagi ciwo.

Alhamis, 9:30 na safe

Saƙon Yaya: "Ina wasiƙar?"

Na rubuta masa bayani mai tsawo, na goge. Na rubuta "Tana zuwa." Ya turo min hoton babban yatsa. Da yana kusa da na karya yatsan.

Juma'a, 4:20 na yamma

Dabara ta zo min, na ɗauka ta ƙarshe ce. Na cire kibod ɗin na sa a jaka na kai asibiti. Mutumin da ya buga abu dubban safiya, ai hannunsa ya sani ko bakinsa bai faɗa ba.

Na ɗora masa a cinya na ce, "Baba, lambobin safe. Buga min."

Ya gane. Wallahi ya gane, na ga fuskarsa ta sauya. Ya kalli hannun damansa, ya daɗe yana kallonsa kamar yana jiran ya tashi. Sannan ya ɗago na hagu ya kai wajen lambobin. Yatsun suka tsaya a sama suna yawo. Ya danna bakwai, ya girgiza kai. Ya danna huɗu, ya girgiza kai. Na rubuta masa sifili zuwa tara a takarda na ce ya nuna, ya kalle su kamar bai taɓa haɗuwa da su ba.

Sai ya ture kibod ɗin ya faɗi ƙasa. Maɓalli ɗaya ya fita ya gangara ƙarƙashin gadon maƙwabci.

Mama ta ce, "Ya isa, Auta." A hankali ta faɗa. Na tattara na fita baranda, na tsaya wajen tulun kashe gobara har na daina abin da nake yi.

Asabar, 10:00 na safe

Ina mayar da maɓallin da ya fita na lura da wani abu. A gefen dama, wajen lambobi, guda biyar sun goge har ba a ganin rubutunsu: 0, 2, 3, 6, 8. Sauran kamar sababbi. Baba da layin sama yake buga lambar cikin takarda, na gefen nan na safiya ne kawai.

Kuma na san sautin. Na sha jin sa a rumfarsa, da ya dawo da ita gida kuma ta bango nake ji: tak-tak-tak, tak, tak-tak. Uku, ɗaya, biyu. Shi ne abin da yake ƙwanƙwasawa a ƙarfen gadon asibiti, sai yau kaina ya kawo.

Bugu shida, maɓalli biyar, ke nan ɗaya ana maimaita shi. Wannan kam fagena ne. Hanya dubu ɗaya da ɗari takwas. Na cire waɗanda suka fara da sifili, na cire waɗanda suka fi ƙarfin faifan, saura ɗari huɗu da 'yan kai. Na jera su a takardar jarrabawa. Kowane gwaji minti huɗu, don sai ta ƙirga ƙwaƙwalwarta a nitse kamar tsohuwa tana ƙirga jikoki.

Zan iya. Na ɗauki hutun mako a makaranta.

Lahadi, 6:00 na yamma

Talatin da ɗaya. Babu. An ɗauke wuta sau biyu.

Litinin, 5:15 na yamma

Hamsin da takwas. Babu. Maigidana ya kira ya ce yara suna tambaya ko na koma gidan Kaka da zama. Na ce ya gaya musu eh.

Na fara yi mata magana. Yau na ce mata munafuka.

Talata, 11:10 na safe

A na saba'in da huɗu faifan ya yi wani sauti. Ƙwas. Ƙwas. Kamar ana taune tsakuwa. Na kira Injiniya na kara masa wayar a jikin akwatin.

"Kashe ta! Malama, kashe ta yanzu!"

Ya ce faifan ya gaji. Kowace kunnawa tana cin kwanansa, wataƙila saura goma, wataƙila saura ɗaya. Ya ce kar in sake taɓa ta sai ina da lambar a hannu.

Saura ɗari uku da wani abu a takardata.

Talata, 3:00 na rana

Likita ya kira Mama ofis. Ta daɗe. Da ta fito ta ce in je in sayo sabulu, alhali akwai sabulu a jaka.

Laraba, 7:40 na safe

Ban kunna ba. Na zauna a gabanta kawai.

Abin da ya faru a tsakar gidan nan shekara goma sha ɗaya da suka wuce ba zan rubuta shi ba. Kowa ya faɗi abin da ya faɗa, a gaban mutane. Abin da zan rubuta shi ne ni na kai wa Baba maganar. Ina da shekara ashirin da biyu, ina ganin gaskiya na faɗa. Gaskiyar ce kuwa. Ga ta nan muna ci har yau.

Na yi zaton in na fitar da takardar nan na biya. Sai ga shi da hannuna na ba masu kura littafin.

Laraba, 1:25 na rana

Mama ta shigo da tsintsiya ta same ni. Na gaya mata maganar kwalin. Ta ce, "Na sani. Ina taga lokacin." Ta ci gaba da shara. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba:

"Ni dai na ga kina ta wahala. Me ya sa ba za ki tambayi wanda ya haɗa ta ba?"

Na ce ai Baba ba ya magana.

"Wane Baban? Babanku ya san haɗa kwamfuta? Gwanjo ya sayo ta a wargaje cikin buhu. Yayanki ne ya kwana biyu a kanta, yana ɗan shekara sha biyar. Shi ya rubuta masa lambobin a bayan littafin."

Na ce, "Mama! Mako biyu ina wannan abin!"

"Kin tambaye ni? Littafi kika tambaye ni."

Ban san ko dariya zan yi ko in fasa wani abu ba.

Laraba, 2:10 na rana

Na kira shi. Yana wajen aiki, ina jin ƙarar injin lif ɗin da yake gyarawa. Na gaya masa komai, har kwalin, har ƙwas-ƙwas ɗin.

Ya ce, "Har yanzu wannan akwalar yake amfani da ita?"

Na ce lambobin nake so.

"Auta, shekara ashirin da biyar. Abin da na ci jiya ma ban tuna ba." Ya ce abin da ya tuna kawai shi ne tsoron kwance faifan ya ji, kar ya lalata Baba ya yanka shi, sai ya yi ta cusa lambobi har ta karɓa. Na karanta masa maɓallan biyar. Ya gwada wasu a baki, ya ce a'a, ya sake, ya ce a'a.

"Ba zai zo min a waya ba. Sai na ga allon."

Na bar shi ya ji abin da ya faɗa.

"Kar ki sake kunna ta," ya ce. "Kuma ba wajensa zan zo ba, ki sani. In tayar miki in juyo a motar yamma."

Juma'a, 9:50 na safe

Ya zo. Ya yi furfura a gemu, babu wanda ya gaya min. Mama ta riga ta tafi asibiti. Bai zauna a falo ba, bai sha ruwan da na kawo ba, kai tsaye ɗakin Baba da jakarsa a kafaɗa.

Ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe. Sannan ya zauna a kujerar, ya gyara ta baya kaɗan, ya kunna. Ƙwas. Shuɗin allon ya fito.

Ya kalli layukan uku. "Ban sani ba, Auta. Wallahi babu komai a kaina."

Na ce ya ɗora hannu kawai.

Ya ɗora na dama a gefen lambobin, inda ya goge. Ya rufe ido. Tak-tak-tak, tak, tak-tak.

820. 6. 33.

Na duba takardata daga baya, ita ce ta ɗari uku da tara. Da faifan ya mutu tun ban kai rabi ba.

Ta yi gurnani, ta yi ƙwas sau ɗaya, sai rubutu ya fara gangarowa. Sunayen takardu fari a kan baƙi, ɗaruruwa, duk kwanan watansu ɗaya ga Janairu. Can ƙasa akwai wadda aka sa wa GAGGAWA. Sunan da Baba yake kiransa da shi ke nan tun yana yaro, don ba ya iya jira a gama masa magana.

Bai buɗe ba tukuna. Ya ce, "Batirin ciki ya mutu ne? Wa yake sa mata lambobin?"

Na ce shi yake bugawa. Kullum da safe.

"Tun yaushe?"

"Tun kana nan. Bayan ka tafi ma bai fasa ba ko rana ɗaya."

"Batir ɗin nawa yake da ba za ku saya masa ba?"

Na jawo durowa na miƙa masa, a ledarsa. Na ce shekararsa uku a nan.

Ya juya shi a hannu, daidai yadda Baba ya juya shi. Ya kalli maɓallan da suka goge. Ni sai a lokacin na daina jin haushin Baba, ina tsaye da kofin ruwan da ba a sha ba.

Na fita na ja masa ƙofa. Ban karanta ba, kuma ba zan tambaya ba. Na ji dai ya daɗe yana ɗaukar allon hoto da wayarsa, shafi bayan shafi, sannan na daina jin komai.

Minti arba'in. Ya fito ya wanke fuska a famfon tsakar gida, a daidai wurin da abin nan ya faru. Ya ce, "Wane ɗaki aka kwantar da shi?"

Juma'a, 5:35 na yamma

Mama ta gan shi ta miƙe, ta rasa abin yi, ta ce bari ta je ta wanke cokali. Cokalin a wanke yake.

Baba ya dube shi. Yaya ya durƙusa a gefen hagu ya ce, "Baba, sannu." Daga nan shi ma bakinsa ya mutu. Mutum biyu da suka fi kowa iya faɗa a gidanmu.

Baba ya lalubo wuyan hannunsa ya riƙe. Sai ɗan yatsan ya fara, a kan fatar Yaya. Uku, ɗaya, biyu.

Yaya ya ce, "Ɗari takwas da ashirin. Shida. Talatin da uku." Ya ɗago ya dube shi. "Ba daidai ba ne ma, Baba. Ƙirƙira na yi."

Gefen bakin Baba da ke motsi ya ɗaga. Ya sani, ashe. Bai saki hannun ba har nas ta zo ta ce lokaci ya yi, ta sake dawowa ta ce lokaci ya wuce.

Motar yamma ƙarfe huɗu take tashi.

Asabar, 6:30 na safe

Na rubuta lambobin a jikin akwatin da alƙalamin allo, na rubuta a bango, na rubuta a nan. Na ɗauko batirin zan ɓare, in sa mata ta huta da mantuwa.

Yaya ya shigo da kofin shayi, sanye da tsohuwar rigar Baba don bai zo da kayan canji ba. Ya karɓe batirin daga hannuna ya mayar durowa ya rufe.

"Bar shi," ya ce. "Zan buga. Gobe ma zan buga."

Ina kicin na ji ta bango. Tak-tak-tak, tak, tak-tak.